Alƙalami Uku a Kan Takarda Ɗaya: Nazarin Littafin Guantánamo Diary na Muhammadu Ould Slahi

Gabatarwa

Adabin kurkuku ba baƙo ba ne ga manazarta adabin Afirka. A nan gida Nijeriya muna da The Man Died na Wole Soyinka, wanda ya fito a 1972 bayan tsarewar da gwamnatin Gowon ta yi masa a lokacin yaƙin basasa, muna kuma da A Month and a Day na Ken Saro-Wiwa, wanda aka buga a 1995, shekarar da aka rataye shi. A cikin waɗannan littattafai marubuci da gwamnatin ƙasarsa ne ke fuskantar juna. Ya san wanda ya kulle shi, ya san dokar da aka taka, ya kuma san jama'ar da zai kai wa kuka. Littafin da za mu duba a wannan maƙala, wato Guantánamo Diary na Muhammadu Ould Slahi, mutumin Muritaniya, ya sha bamban da su ta wannan fuska. Marubucin ya bi ta hannun jami'an tsaron ƙasashe aƙalla biyar, ya shekara 14 a kurkukun sojan Amurka na Gwantanamo da ke tsibirin Kyuba, aka kuma sake shi a watan Oktoba na 2016 ba tare da an taɓa gurfanar da shi a kan wani laifi ba.

Ra'ayinmu a wannan nazari shi ne, littafin ya fallasa wani abu da rahotannin masu kare haƙƙin ɗan Adam ba su cika iya nunawa ba. Idan ƙasashe suka haɗa kai a ɓoye don yaƙar ta'addanci, babu alƙali a tsakani, to abin da suke miƙa wa juna yakan zama labari, kuma labarin ƙaruwa yake yi a kowace iyaka da ya tsallaka. Tun da batun labari ne da mai ba da shi, ɗalibin adabi yana da ta cewa.

Marubucin da hanyar da ya bi

An haifi Slahi a garin Rosso a 1970. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya sami tallafin karatu zuwa Jamus a 1988, inda ya karanta injiniyancin lantarki a Duisburg. A farkon shekarun 1990 ya tafi Afganistan don yaƙar gwamnatin kwaminisanci ta Najibullah, ya yi horo a sansanin Al-Faruƙ, ya kuma yi wa ƙungiyar Alƙa'ida mubaya'a. Shi ya ce ya yanke hulɗa da ita a 1992. Sai dai zumunci da tsofaffin abokai ba su bar shi ba. Ɗan'uwansa Abu Hafs yana cikin malaman da ke kusa da Usama bin Laden. Ramzi bin al-Shibh, wanda daga baya aka zarga da hannu a harin 11 ga Satumba, ya taɓa kwana a gidansa a Jamus. Da ya koma birnin Montiriyal na Kanada a ƙarshen 1999, masallacin da yake salla shi ne wanda Ahmed Ressam ya taɓa zuwa, mutumin da aka kama a watan Disamba na wannan shekara da kayan haɗa bam a kan hanyarsa ta kai hari filin jirgin saman Los Anjalis.

Duk wani jami'in tsaro mai hankali zai so ya yi wa mai irin wannan tarihi tambayoyi, kuma an yi masa. Kanada ta yi, Senegal ta tsare shi a Dakar a watan Janairu na 2000, Muritaniya ta karɓe shi, jami'an Amurka suka zo suka yi nasu, kowa ya sake shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai lissafi ya sauya. Ranar 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka zo gida suka kira shi, ya shiga motarsa ya tuƙa kansa zuwa wurinsu a Nuwakshot. Ranar 28 ga wata, ranar bikin 'yancin kan Muritaniya, aka saka shi a jirgi zuwa Jodan. Ya yi kimanin wata takwas a hannun jami'an leƙen asirin Amman, aka wuce da shi sansanin Bagram a Afganistan, daga nan sai Gwantanamo a farkon Agusta 2002, inda ya zama fursuna mai lamba 760. Babu kotun da ta zauna a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan miƙe-miƙe.

Zubi da tsari

Slahi ya rubuta littafin da hannu a 2005, shafi 466, cikin Ingilishi, harshensa na huɗu bayan Larabci da Faransanci da Jamusanci, wanda kuma mafi yawansa a bakin masu gadinsa ya tsince shi. Hukuma ta ɗauki kowane shafi a matsayin sirrin ƙasa. Sai da lauyoyinsa, ƙarƙashin jagorancin Nancy Hollander, suka yi shekaru suna fafutika kafin a saki rubutun, aka buga shi a watan Janairu na 2015 da gyaran edita Larry Siems, marubucin yana tsare bai ko ga bugun ba. An saki rubutun ne bayan an shafe wurare fiye da 2,500 da baƙin tawada.

Wannan ya sa muka ce alƙalami uku ne a kan takardar. Na farko na Slahi ne, mai ba da labari. Na biyu na mai tace rubutu ne, wanda ba mu san sunansa ba, ba ya rubuta komai, sharewa kawai yake yi. Na uku na edita ne, wanda ke zaune a ƙasan shafi yana bin sawun abin da aka share, yana kwatanta shi da takardun gwamnati da aka riga aka saki, yana cewa wataƙila wane ne, wataƙila ranar kaza ce. Mai karatu yakan sami kansa yana karanta shafi ɗaya sau uku.

A nan ne muke son mu daɗe, domin alƙalami na biyu ya fi ban sha'awa fiye da yadda mai shi ya nufa. An ce an share ne don tsaron ƙasa. To amma a wurare da yawa abin da aka share wakilin suna ne kawai, wato kalmar da ke nuna cewa mai yin tambayar mace ce, alhali an bar na maza. Sakamakon haka, duk inda mai karatu ya ga ɗan gajeren baƙi a gurbin wakilin suna sai ya gane mace ce, sharewar ta zama tallar abin da aka so a ɓoye. (Da a ce da Hausa aka rubuta littafin, inda "ya" da "ta" ke gaban kowane aikatau, da mai sharewar ya ƙarar da tawadarsa kafin ya kai rabi.) A wani wuri an share suna a wannan shafi an manta da shi a na gaba. A wani wurin kuma, inda marubucin ke bayyana yadda zuciyarsa ta karye, an share kalma guda, edita ya yi hasashen cewa hawaye ne aka share. Akwai shafuka a jere da babu komai a cikinsu sai baƙi, inda ake bayanin gwajin da aka yi masa da na'urar gano ƙarya, har da wata waƙa da ya rubuta wadda aka binne gaba ɗaya. Masana adabi sun daɗe suna cewa abin da marubuci ya yi shiru a kai yana magana. A nan shirun ba na marubuci ba ne, ɗora masa aka yi, kuma an bar alamarsa a fili. Mai karatu yana ganin hannun hukuma a kan bakin mutum, a kan takarda, ba sai an ba shi labari ba.

Game da jerin labari, littafin bai fara daga farko ba. Ya buɗe da daren da aka ɗauke shi daga Jodan, an tuɓe shi, an ɗaure masa ido, yana zaton gida za a mai da shi. Sai a babi na biyu aka koma Senegal da shekarar 2000. Wannan dabara ta sa mai karatu ya ɗanɗani ruɗewar fursuna kafin a ba shi dalili, kamar yadda shi ma fursunan ba a ba shi ba.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne yadda zato ke zama hujja idan ya yi tafiya. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, amma a duniyar leƙen asiri zato haja ce da ake musaya. Misali mafi sauƙi shi ne na shayi da sukari. An saurari wayarsa a Kanada, aka ji yana maganar shayi da sukari da wani. Ga wanda ya san mutanen Sahara da butar shayinsu, babu abin tambaya a nan. Amma da maganar ta tsallaka teku cikin fayil, sai ta zama kalmar sirri, kuma aka yi ta tambayarsa ma'anarta a ƙasa bayan ƙasa. Kowace hukuma tana karɓar fayil ɗin da tunanin cewa wadda ta aiko ba za ta aiko a banza ba. Muritaniya ta miƙa shi don Amurka ta nema, Jodan ta matsa shi don an kawo mata shi, Amurka kuma ta ɗauki zamansa a Jodan a matsayin alamar cewa babban kifi ne.

Slahi ya kwatanta halin da yake ciki da wata tatsuniyar ƙasarsu, ta mutumin da ke tsoron zakara domin yana ganin zakaran ƙwayar hatsi ya ɗauke shi. Likita ya yi ta nuna masa cewa shi mutum ne, shi kuwa ya ce ai ya sani, zakaran ne ya kamata a fahimtar. Barkwanci ne, amma a cikinsa duk matsalar take: ba a neman fursuna ya faɗi ko shi wane ne, an riga an yanke.

A 2003 aka tsara masa wani shiri na musamman na tatsar bayani, wanda sakataren tsaron Amurka Donald Rumsfeld ya amince da shi a watan Agusta. Hana barci na makonni, ɗaki mai tsananin sanyi, tsayuwa cikin sarƙa, kiɗa mai ƙara, cin zarafi ta hanyar lalata, hana salla. An ɗaure masa ido aka saka shi a kwalekwale, aka yi ta yawo da shi a teku ana dukansa, ana cusa masa ƙanƙara a riga, don ya zaci wata ƙasa ake kai shi a kashe. An nuna masa wasiƙar bogi cewa za a kamo mahaifiyarsa a kawo ta Gwantanamo. Ba maganarsa kaɗai muke da ita a kan wannan ba: binciken da kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawan Amurka ya kammala a 2008 ya tabbatar da muhimman sassanta.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar littafin a wurin ɗalibin adabi. Slahi ya zama mai ƙaga labari. Ya gane cewa masu tambayarsa suna da labarin da suke so, sai ya shiga rubuta musu shi, shafi bayan shafi, yana gyarawa idan bai gamsar ba, har da shirin tarwatsa doguwar hasumiyar birnin Toronto wanda bai taɓa wanzuwa ba. Ya ambaci sunayen mutane, abin da ya ce ya fi komai ci masa rai. Mun saba da mai ba da labari don ya tsira, tun daga Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya. Amma ita labaranta sun sanyaya zuciyar sarki, nasa kuwa sun shiga rumbun bayanan sirri, inda ake iya raba su ga ƙasashe ƙawaye a matsayin gaskiya, su zama dalilin kama wani a wata ƙasa. Ke nan azabtarwa ba ta tsaya ga cutar da mutum ɗaya ba, gurɓata rijiyar da kowa ke sha ta yi.

Shaida mafi ƙarfi a kan haka daga cikin gida ta fito. Laftanar Kanar Stuart Couch, lauyan soja da aka ba aikin gurfanar da Slahi, abokinsa na cikin matuƙan jirgin da aka kara da ɗaya daga tagwayen benayen Niyok. Yana da kowane dalili na son ganin an hukunta shi. Da ya gano yadda aka samo bayanan, sai ya janye daga shari'ar a 2004. Wato ko da a ce Slahi yana da laifi, hanyar da aka bi ta lalata damar tabbatar da shi.

Ya kamata a tuna cewa dokoki ba su yi ƙaranci ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, ta 1984, ta haramta a sashe na 3 a miƙa mutum ga ƙasar da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi, kuma Amurka da Jodan duk sun amince da ita tun kafin 2001. A ɗaya gefen, ƙuduri mai lamba 1373 na Kwamitin Sulhu, na 28 ga Satumba 2001, ya wajabta wa ƙasashe musayar bayanai da taimakon juna a kan ta'addanci. Ƙudurin aka rungume da hannu biyu, yarjejeniyar aka ajiye a aljihun tebur. Sai a 2006 Majalisar ta fitar da tsarin yaƙi da ta'addanci mai ginshiƙi huɗu, na huɗun shi ne kare haƙƙin ɗan Adam da bin doka, lokacin Slahi ya riga ya shekara huɗu a Kyuba. Wani rahoto na gidauniyar Open Society a 2013 ya lissafa gwamnatoci 54 da suka taimaka wa hukumar leƙen asirin Amurka wajen irin wannan safarar fursunoni.

Akwai ƙaramin jigo na uwa da ɗa, wanda mai karatun Hausa ba zai kasa tuna Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba idan ya zo kansa. A can ma an raba yaro da uwarsa aka tsallaka Sahara da shi, ita kuma ta bi sawu. Slahi da kansa ya kwatanta halinsa da na bawa, wanda aka ɗauko daga Afirka aka sayar hannu zuwa hannu. Bambancin shi ne uwar Umar ta ga ɗanta kafin ta cika. Dangin Slahi sun yi watanni suna kai abinci da tufafi kurkukun Nuwakshot, ana karɓa, alhali yana wata nahiya, sai da ƙaninsa da ke Jamus ya ga labarinsa a mujallar Der Spiegel. Mahaifiyarsa ta rasu a 2013, ganinta na ƙarshe da shi kuwa shi ne ranar da ya shiga mota.

Salo, da inda littafin ya rage mana

Ƙarfin salon Slahi yana cikin rashin ɗaci. Ingilishinsa na barikin soja ne, cike da zagi da karin maganar samarin Amurka, ya gauraya shi da addu'a da tatsuniya da hikimar makiyaya. Yana bai wa kowane mai gadi fuskarsa: wannan mugu ne, wannan matsoraci, wannan yaro ne da aka gaya masa ƙarya, wannan ya koya masa wasan dara na Turawa. Soyinka a nasa littafin gaggafa ne, yana kallon masu tsaronsa daga sama cikin fushi da manyan kalmomi. Slahi yana zaune a ƙasa tare da su, yana nazarinsu kamar yadda suke nazarinsa. A ganinmu wannan ya fi cizo, domin mai karatu Ba'amurke ba ya samun mafakar cewa maƙiyi ne ke magana.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Littafin ya wuce da sauri a kan shekarun Afganistan. Me ya ja saurayi mai karatun injiniya a Jamus ya bar aji ya tafi sansanin horo? Me ya ji a ransa ranar mubaya'a? Me ya gani har ya juya baya? Amsar da muke samu gajera ce, ta siyasa: a lokacin ai Amurka ma tana goyon bayan masu yaƙar gwamnatin Kabul. Gaskiya ne, amma amsar lauya ce. Dalilin a bayyane yake, tun da ya rubuta ne yana tsare, shari'arsa na gaba, kuma ya san masu tuhumarsa ne za su fara karantawa. Alƙali James Robertson, wanda ya ba da umurnin a sake shi a watan Maris na 2010, ya yanke cewa gwamnati ba ta tabbatar da cewa yana cikin Alƙa'ida a lokacin da aka kama shi ba, amma bai wanke shi tas ba, ya lura cewa ya ci gaba da hulɗa da wasu 'yan ƙungiyar. Gwamnatin Obama ta ɗaukaka ƙara, aka soke umurnin a watan Nuwamba na wannan shekara. Saboda haka wanda ke neman fahimtar yadda tsattsauran ra'ayi ke kama zuciyar matashi, ba a wannan littafi zai same shi ba. Wannan rashi ma hukuma ce ta jawo shi: mutumin da zai iya bayyana wa duniya hanyar shiga da ta fita an sa shi a halin da faɗin gaskiya duka zai iya zame masa igiyar rataya.

Batun bai yi nisa da mu ba. Binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2017, bayan hira da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin tsattsauran ra'ayi a Afirka, har da Nijeriya, ya nuna kashi 71 cikin ɗari sun ce wani aikin gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne ya ingiza su a ƙarshe. Mun san abin da ya biyo bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009. A 2015, shekarar da littafin Slahi ya fito kuma ƙasashen yankin Tafkin Chadi suka farfaɗo da rundunarsu ta haɗin gwiwa, ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojan Nijeriya tun 2011, da yawansu a barikin Giwa na Maiduguri, zargin da rundunar soja ta musanta. Mafi yawan abin da duniya ta ji game da Giwa ta bakin rahoto ta ji shi, cikin alƙaluma da sunayen aro. Masu rubuta ƙagaggun labarai a wannan mujalla za su iya lura da abin da murya guda, mai suna da uwa da barkwanci, ta yi wa Gwantanamo.

A 2021 aka mai da littafin fim mai suna The Mauritanian, wanda Kevin Macdonald ya shirya, Tahar Rahim ya fito a matsayin Slahi, Jodie Foster kuma lauyarsa. Wasan Rahim ya yi kyau, amma fim ɗin ya karkata ga lauyoyi biyu na Amurka da lamirinsu, ya taƙaita Dakar da Nuwakshot da Amman, wato ya rage sarƙar ƙasashen da ita ce ainihin darasin littafin. Wanda ya kalli fim ɗin kaɗai zai zaci ƙasa ɗaya ce ta yi kuskure ta kuma gyara.

Bayan sakinsa, hukumomin Muritaniya sun hana shi fasfo na kusan shekara uku. A cikin wannan zama ne shi da Siems suka fitar da sabon bugu a 2017. Gwamnatin Amurka ba ta ba su ainihin rubutun ba, don haka daga ƙwaƙwalwarsa ya cike guraben, aka buga kalmomin da aka maido a kan launin toka-toka domin a ga inda baƙin yake a da. Muna ba ɗalibai shawarar su fara da bugun 2015, su yi ta fama da baƙin har ya gundure su, sannan su ɗauki na 2017 su ga abin da aka ce sirrin ƙasa ne.